Idanun Uwa Mai Zaki a Bayan Gilashi

Ku matso nan kusa, ku saki bakin ƙofar nan, kuna tare mini haske. Kai ma Sule, angon nawa, taso. Ai kai ne jiya ka ɗago kai daga kwanon tuwon rogo ka ce, "Kaka, wannan aiki naki shafe-shafe ne kawai, ko ni aka ba gashin kyanwa da safe, kafin azahar na gama." To ga gashin kyanwar nan a cikin ƙoƙo, ban hana ka ba. Amma tukuna ka ji yadda komawar wani tsoho ƙasarsu ta taɓa rataya a kan ɗigon baƙi guda biyu, kowanne bai kai ƙwayar dawa ba, hannun da zai ɗiga su kuwa yana rawa kamar ganyen ayaba a iska.

Sunan tsohon Gobinda, mu Baba muke ce masa. Mutumin ƙasar Hindu ne, daga wani garin bakin teku wai shi Gowa. Jirgin Fotugis ne ya zo da shi yana yi musu fenti, zazzaɓi ya kwantar da shi, suka sauke shi a nan Bahiya, wannan gari namu na ƙetaren teku, kamar buhun da ya jiƙe, suka ƙara gaba. Ni da kakanku lokacin ba mu daɗe da fansar kanmu daga bauta ba, mun kama ɗaki a ƙasan wani tsohon bene a unguwar Felurinyo. Kakanku ɗaukar kujera yake yi, irin mai labulen nan da mutum biyu ke saɓawa a kafaɗa, su hau da masu hali daga bakin ruwa zuwa saman gari. Ni kuwa kun san ni, ba na son fita. A ba ni bakin ƙofata da kaskon ƙosaina, duniya ta zo ta same ni.

Katako ne kawai tsakanin ɗakinmu da na Baba, kuma ƙarar dutse ce ta haɗa mu. Kullum da hantsi sai in ji ƙurr, ƙurr, ana niƙa wani abu, niƙan kuma na wanda bai taso da dutse ba. Kunnena ya kasa haƙuri. Ran nan na ƙunsa ƙosai a ganye na shiga, na tarar da wani siririn dattijo mai jan ɗigo a goshi yana fama da dunƙulen shuni. Shuni fa! Rabona da shi tun ina yarinya a bakin karofin garinmu. Na karɓi ɗan dutsen, na durƙusa, na ja shi yadda uwata ta koya mini. Ya lakata da yatsa, ya goga a haƙorin gaba, ya zaro ido. Fotugis ɗinsa a karye yake, nawa ma ɗingishi yake yi, amma na gane abin da ya ce: "Gobe ma ki zo." Goben nan ce ba ta ƙare ba.

Na daɗe ban taɓa gilashi ba, sai niƙa. Kowane launi da halinsa. Ja daga jirgi muke samunsa, nauyi gare shi kamar ƙarfe, kuma ba a lasar yatsa in an taɓa shi. Rawaya daga gangamau da wata ƙasa mai maiƙo. Fari kuwa ɓawon kawa ne, wata irin katantanwar teku, da masunta ke kawo mana daga ƙauyen Itafuwa, a ƙona, a jiƙa, a tace a tsumma, a sake tacewa, har ya koma kamar kindirmo. Baƙi, a kifa kasko a kan fitila a kankare hayaƙin. Duk sai a kwaɓa su da ƙaron yazawa, in ya yi yawa launi ya tsage, in ya yi kaɗan ya kakkaɓe. Baba da haƙori yake gane laushi, ni da kunne. In da sauran tsakuwa dutse surutu yake yi. In ya yi laushi sai ya daina magana, ya koma tsotso, cap, cap, kamar jariri a nono. Har ta kai daga ɗakinsa zai ɗaga murya ya ce, "Kande, me dutse ya ce?" In ce, "Bai gama ƙorafi ba, Baba."

Alƙalamin zanen ma mu ke yin abinmu. Gashin bayan kyanwa, a ɗaure da zaren siliki, a cusa a gindin gashin agwagwa. Kyanwar gidan ta san mu sarai, da ta ga Baba da almakashi sai saman katanga.

To kai mai cewa shafe-shafe, saurara. A bayan gilashi muke zane, mai kallo kuwa ta gaba yake gani. Saboda haka abin da mai zane a bango zai yi a ƙarshe, shi muke fara yi. Sai ka sa wa mace ɗan kunne tun ba ta da kunne. Ka sa mata awarwaro a iska, sannan ka zo da hannun ka shimfiɗa a bayansa. Zanen bakin zani kafin zanin, zani kafin jiki, sararin sama shi ne na ƙarshe. Damanka hagunta ne, hagunka damanta. Abin da ka rufe kuma ya rufu ke nan, ba gyara, don gyaran yana can ƙarƙashin launi uku. Ka taɓa dafa miya ka fara da gishiri ka ƙare da ruwa? To haka ne.

Aikin farko da ya bar ni na ja layi a kai na wani kukun jirgin Ingilishi ne, ɗan ƙasar su Baba. Abincinmu na yau da kullum waliyyan 'yan coci ne da furanni a gefen madubi, amma in jirgi ya zo da mutanensa, kai, sai Baba ya koma saurayi! Ya yi wanka, ya canja zani, ya ciro wasu tsofaffin takardun zane daga gora. Matan da suke bauta wa ne a jiki, shi Uwa yake ce wa kowacce. Ta kukun nan sunanta Lakshimi, tana zaune a tsakiyar wani ƙaton fure. Ina gani na buga ƙirji na ce, "Bado! Baba, wannan ai bado ne, mun sha cin 'ya'yansa a tafki!" Ya yi ta murna kamar na gaishe shi da harshensu. Ya ce furen a cikin taɓo yake fitowa amma taɓon ba ya kama shi, wai haka ake so mutum ya zauna a cikin dukiya.

Na ce, "To hannu huɗun fa? Wannan in ta shiga daka ai maƙwabta sun huta."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Biyu na riƙe da fure, don a san ba ci kaɗai ake rayuwa dominsa ba. Wannan da ta ɗaga, tafin a buɗe, cewa take kada ka ji tsoro. Wannan da ta saukar, zinariya na zuba, cewa take ungo."

"Giwayen nan da ke mata wanka fa?"

"Hadari ne. Ruwan sama. In babu su, zinariyar ma ba a cin ta."

Ganyen badon nan shi ya ba ni. Ja ɗaya ake yi masa, a taso da siriri, a buɗe ciki, a sauka da siriri, ba a ɗaga hannu. Na yi shi, na yi shi, har ya zama ko hira nake hannuna na yin abinsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wata rana muna shanya irin wannan Uwa a bakin taga sai ga Iya Tomasa, wata 'yar Nago, wato Bayarabiya, mai sayar da zannuwa, ƙatuwa, da murya kamar ganga. Ta tsaya cak, ta sauke kayanta. Ta ce, "Tsoho, ina ka san ta? Rawayan zani, zinariya, ga ruwa ta ko'ina. Wannan ai tamu ce, mai kogin nan da muke bauta wa!"

Baba ya ce, "A'a, Iya, daga ƙasarmu take."

Ta ce, "Kai dai ka zana ta, ni kuwa na san ta. Rage mata hannu biyu ka ba ni."

"Ba a rage wa Uwa hannu!"

"To bar mata, ta taya ni ɗaukar kaya."

Haka ta tafi da ita, daga baya ta turo mana ƙawayenta. Akwai kuma wata Uwar mai fararen kaya, Sarasawati, da wani magatakardan jirgi ya sa aka yi masa. Ita ba ruwanta da ado. Molo ne a cinyarta mai dogon wuya da ƙwarya biyu, hannu ɗaya littafi, ɗaya carbi, ga farar dinya a gefenta wadda wai in an gauraya madara da ruwa sai ta shanye madarar ta bar ruwan. Baba ya ce aikin ilimi ke nan. Kakanku ya leƙo ya ce, "Duk a cikinsu wannan ta fi natsuwa, amma da gani ba ta iya tuwo ba."

Yanzu ga inda maganar take. Na gaya muku a gilashi ƙananan abubuwa ake fara yi, don haka masu zanen waliyyai da ido suke farawa. Baba kuwa in Uwa ce, atafau. A wurinsu ido shi ne ƙarshe. Kafin a sa ido, launi ne kawai da gilashi, kana iya jingine shi ko'ina. Da an sa ido, wai ta shigo ke nan. To yaya za a yi abin ƙarshe a sana'ar da ƙarshenta ke zuwa da farko? Sai ya bar taga biyu. Ya zagaye gurbin idon da launin fuska, ya bar gilashin tsirara a wurin, siffar ganyen bado. A gama komai, a manna zinariya, tagogin nan na nan fayau, kana hango bango ta cikinsu. Sai ranar buɗe ido ya ɗauko wani alƙalami na dabam, na gashin cikin kunnen maraƙi, da baƙin da aka kama daga fitilar man shanu. Ya kwantar da gilashin a kan katakai biyu, fuskarta na kallon ƙasa, ya sa madubi a ƙarƙashi, don wai kallonta na farko ya yi wa mutum ƙarfi, gara ya faɗa a kanta. Ya ja layin kwalli a saman tagar, ya ɗiga ƙwayar, sannan ya rufe bayan da fari. In ƙwayar ta goce da faɗin gashi, Uwa ta zama mai harara har abada. In ka ce za ka goge, ruwan ya ci fuskar.

Wannan al'ada tasa ita ta zaunar da ni a sana'ar. Mu Musulmi ne, ko da yake tun bayan boren nan da bayi Musulmi suka yi a bakin kurkukun fadar gari sai a ɓoye muke salla. Na ji tun a gida cewa mai yin surar abu mai rai za a ce ya hura masa rai. Sai muka yi magana da kakanku, muka tsaya a kan cewa fure da zani da awarwaro ado ne, amma ido ba ni ba shi. Baba ya ce hakan ya yi masa daidai, shi ma ba zai ba ni ba ko na roƙa. Ranar buɗe ido ina ɗakina ina suya. Kowa da iyakarsa, muka zauna lafiya shekara da shekaru.

Sai shekarar amai da gudawa ta zo. Allah kada ya maimaita mana. Amalanke ke bi layi-layi da safe yana kwasar gawa. Jirage suka daina tsayawa, gilashi ya yanke, masu sayen waliyyai suka koma sayen kyandir. Ƙosai ma tsoronsa ake. Muka koma rubuta wa mutane suna da fenti a kan gicciyen kabari, da shi muka ci. Ciwon ya kama Baba, na yi ta ɗura masa ruwan shinkafa da gishiri da cokali, Allah ya yi da sauran kwanansa. Ya tashi, amma hannun bai tashi ba. In ya ɗauki kofi, daga ɗakina nake jin yana kaɗa shi da haƙori, kaf-kaf-kaf. Ya daina zancen launi, sai zancen wani kogi na garinsu, wai a can yake so a ƙona shi a zuba tokar. Ya ce in ya mutu a nan rami za a jefa shi da farar ƙasa, ba mai kiran sunansa daidai.

Bayan annobar ta lafa, wata ranar kasuwa, na ji takun mutane da yawa a layinmu, takun marasa takalmi masu tafiya a buɗe, irin na ma'aikatan jirgi. Suka cika ɗakin Baba. Shugabansu wani mai gashin baki kamar ƙahon ɓauna. Da harshensu suke magana, amma kunnena ya tsinci kalma ɗaya tana ta dawowa: Gowa, Gowa. Ashe jirginsu can ya nufa. Guguwa ta same su a hanya, ta fasa musu Uwar da suke tafe da ita, mutanen kuma sun rantse ba mai taɓa igiya sai da wata. Shugaban ya ce, "Ka ba mu Uwa Durga da idonta a buɗe kafin a gama lodin taba da sukari, ni kuma in ba ka wurin kwana kusa da murhu har ƙofar gidanku."

Baba ya tura hannayensa ƙarƙashin mayafi ya ce ya yarda.

Suna fita na faɗa ɗakin. Na ce, "Baba, da wane hannun?"

Ya ce, "Da naki."

"Idon fa?"

"In mun isa kogi ma nemi jirgi." Ya faɗa yana kallon rufi.

Gilashi babba ɗaya tak ya rage mana, wanda ya ɓoye a ƙarƙashin tabarma. Na wanke shi da toka da lemun tsami. Kai, wannan aiki! Ban taɓa jin daɗin aiki irinsa ba. Durga ba zama take ba, a kan zaki take, hannu takwas, kowanne da abin da ya riƙe. Baba na zaune da ɗan kara yana nuni yana ihu kamar mai koran tsuntsaye a gona. "Mashin mai baki uku a dama, Kande! Damanta, ba damanki ba!" Ina zana yana ba ni labari. Wai wani mugun ɓauna ne ya addabi duniya, manyansu maza duk suka gwada suka kasa, sai kowa ya miƙa mata makaminsa. Wannan ya ba da takobi, wancan baka, wani faifan ƙarfe mai kaifi, wani katantanwar teku da ake busawa. Ya ce hannayen da yawa ba don tsoratarwa ba ne, don a san in masifa ta zo ta hanya takwas, akwai mai tare ta ta hanya takwas. Zakin kuwa fushi ne da ƙarfi, ta hau shi, bai hau ta ba.

Na ce, "To in ɗaure mata fuska ke nan, tunda yaƙi take?"

Ya buga karan a ƙasa. "Kul! Hannu ne ke yaƙi. Fuskar ta mai shayarwa ce. Shi ya sa 'yan jirgi ke son ta, teku na hauka ita ko gezau."

Na yi gashin wuyan zaki ɗaya-ɗaya, na yi jan zaninta mai bakin zinariya, na yi ɓaunan a ƙarƙashin mashi yana waiwaye. Na zagaye tagogin ido da launin fuska. Da muka juya gilashin muka jingine, Iya Tomasa da ta leƙo sai da ta ja da baya ta ce, "Wannan ko cikin 'yan Nago sai an tara!"

Saura ido. Baba ya ɗauki alƙalamin kunnen maraƙi ya gwada a kan wani fasasshen gilashi. Abin da ya fito kamar kaza ta taka tawada. Ya sake, ya sake, ya ɗaure hannun da tsumma, ya danne da ɗayan, duk ɗaya. Ana haka mai gashin bakin ya zo dubawa. Ya ga hasken rana na fitowa ta gurbin idon, ya kau da kai da sauri. Ya ce, "Makauniya ba ta jan jirgi, tsoho. Taba ta shiga, sukari ya kusa. In iska ta juya ba mai jiran kowa."

Da ya tafi Baba ya miƙo mini alƙalamin da hannu biyu. Ya ce, "'Yata."

Na mai da hannuna baya. Na ce, "Baba, ka san iyakata. Kai ma ka ce ba za ka ba ni ba ko na roƙa."

"Yanzu ni ke roƙo."

"Ka nemi mai zanen coci."

"Bai san ta ba. Idon waliyyi zai sa mata, mai kallon sama. Ita mutum take kallo."

Muna cikin haka sai ga kakanku ya dawo da la'asar, yana murza kantar kafaɗarsa. Ya ji ta bakina, ya ji ta bakin Baba, ya sha ruwa, sannan ya ce, "Ke Kande, ni fa tun kafin in san ki nake ɗaukar mutane zuwa coci. Har bakin ƙofa nake dire su. Kin taɓa jin an ce ni na yi musu ibadar? Mai tafiya dabam, kujera dabam. Alƙalami a hannunsa, idonki a rufe. Ke dai zama masa kujera."

Na ce, "In kujerar ta karkata fa, Malam?"

Ya ce, "A gangaren bakin ruwa ba a damƙe sanda da ƙarfi, sai ta fi jijjiga. Sauraron nauyin ake yi, a bi shi. Kuma ki sa shi waƙa. Mu da waƙa muke daidaita ƙafa."

Nan na tuna wani abu da kunnena ya daɗe da sani ban kula ba. Kofin nan mai kaf-kaf, in Baba na rera waƙar ibadarsa ta safe, ƙarar raguwa take yi.

Washegari da hantsi, rana ta shigo ta taga sosai, Baba ya yi wanka ya ɗaura sabon zani. Aka kwantar da gilashin a kan katakai, madubi a ƙasa, furanni a gefe. 'Yan jirgin sun cika layi, kakanku ya tsaya a bakin ƙofa ya ba mu baya, ya baza kafaɗun nan, ba mai wucewa. Na yi bisimilla a zuciyata, na durƙusa, na kafa gwiwar hannuna a ƙasa, na buɗe tafina. Baba ya ɗora wuyan hannunsa a kai, ba nauyi, kamar ɗan tsako. Na rufe ido.

Ya fara waƙar ƙasa-ƙasa. Rawar hannun na shigowa tafina, ban damƙe ba, na bi ta kamar yadda aka ce. Sai na ji ta lafa. Na ji gashin ya taɓa gilashi, don yana da 'yar ƙara wadda sai wanda ya saba. Ya taso, ya buɗe, ya sauka. Ya ɗaga, ya ɗiga. Ya ja numfashi ya ce, "Ɗaya."

Muka matsa ga na biyu. Ya ɗora gashin, ya taso, yana tsakiyar layi sai tari ya sarƙe waƙar. Hannun ya zabura zai yi waje. Ni dai ban ga komai ba, idona a rufe yake ruf, Allah shaida ne. Amma layin nan na gaya muku siffar ganyen bado ne, tafin hannuna kuma ya yi ganyen bado abin da ba ya ƙirguwa. Na ji hannayen biyu sun karkato tare, sun buɗe ciki, sun sauka da siriri. Ɗigon ya biyo baya. Sai na ji wani abu mai ɗumi ya ɗiga a bayan hannuna, Baba ya ce da Hausar da ba ta fi kalma goma ba a bakinsa, "Sannu. Sannu, Kande."

Na tashi na koma ɗakina kafin ya rufe da fari, don ba na son a juya ta ina wurin. Ta katako na ji sauran. Na ji an shigo, na ji an yaye mayafi, na ji gwiwoyi sun bugi ƙasa gaba ɗaya, rim! Sai kuwa ihu da ƙararrawa da busa, har matan saman bene suka leƙo suna tambaya ko gobara ce. Mai gashin bakin ya fito yana ta surutu da Fotugis, wai ya tsaya ta dama tana kallonsa, ya koma hagu tana kallonsa, wai da wannan ko teku ta tsaya a tsaye sai sun wuce.

Ranar tafiya kakanku ya kira abokin ɗaukarsa, suka goge kujerar, suka saka Baba a ciki da Uwar a cinyarsa a naɗe. Mutumin da bai taɓa hawa ba, yana ta leƙowa ta labule yana ɗaga wa masu tallan kifi hannu kamar gwamna! Ni da ba na fita, ran nan sai da na taka har bakin tudu inda ake hango ruwa, na tsaya har farin ƙyallen da iska ke tura jirgin da shi ya shige. Daga baya wani kuku ya zo da saƙon baki cewa Baba ya isa, ya ga koginsa. Dutsen niƙan nan da kuke zama a kai nasa ne. Alƙalamin kunnen maraƙin ma ga shi can a gora, ban sake tsoma shi a baƙi ba. Furanni da gefen madubi na ci gaba da yi, da su aka yi wa iyayenku aure.

Na gaya wa kakanku abin da ya faru a ido na biyu. Ya ce, "Mu ma in mai kujera ya yi gyangyaɗi, mu ke shan kwana, kuma shi ake cewa ya iso. Allah ne masani. Zuba mana abinci." Bai ƙara ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

To Sule, ga gilashi, ga gashin kyanwa, azahar kuma da saura. Amma kafin ka tsoma, ku da kuka yi karatu kuka fi ni, ku gaya mini: alƙalamin a yatsunsa yake, wuyan hannun a tafina, shi yana gani ba ya iya riƙewa, ni ina riƙewa ba na gani. Wane ne a cikinmu ya buɗe idon nan?